Yafiya da Mayar da Haƙƙi: Tarken Fim ɗin Liman da Fasto

1.0 GABATARWA

Taken wannan taro ya shafi haɗin kan mabiya addinai domin samun zaman lafiya da yaɗuwar tausayi a tsakanin 'yan Adam. Magana ce wadda ba mai tashi a wannan zaure ya ce bai yarda da ita ba, kuma haɗarinta ke nan, domin zancen da kowa ya yi na'am da shi tun ba a rufe baki ba, da wuya a sami mai tsayawa ya auna shi. Saboda haka muka ga ya fi dacewa mu bar maganar a dunƙule, mu ɗauki aiki guda ɗaya wanda ya yi fice a wannan fage mu feɗe shi, don mu ga abin da ya ƙunsa da abin da ya bari a baya.

Aikin da muka zaɓa shi ne fim ɗin nan mai suna The Imam and the Pastor, watau Liman da Fasto, wanda ya fito a shekarar 2006. Dalilanmu na zaɓensa biyu ne. Na farko, labarin namu ne, a Kaduna da Filato ya faru. Na biyu, fim ɗin ya zama kayan koyarwa a tarurrukan sulhu da azuzuwan makarantu, a gida da waje. Duk abin da ya shiga aji kuwa, tilas ne malami ya san ƙarfinsa da rauninsa kafin ya ɗora wa ɗalibai.

Ra'ayin da za mu kare a wannan takarda shi ne, fim ɗin ya ci nasara wajen nuna cewa Musulunci da Kiristanci kowanne yana da tushen yafiya a cikin kansa. Amma zubin da aka yi wa labarin ya sa ya riƙe rabin koyarwar addinan biyu game da sulhu, watau yafiya, ya sassauta wa ɗaya rabin, watau mayar da haƙƙi ga mai shi. Za mu bi hanyar da aka saba a nazarin adabi, mu dubi jigo da zubi da salo, sa'an nan mu gwada abin da muka gani da tarihin wuraren da labarin ya shafa.

2.0 FIM ƊIN DA TAURARINSA

Liman da Fasto fim ne na labarin gaskiya, watau irin wanda ba 'yan wasa a cikinsa, waɗanda abin ya faru a kansu su ne ke magana da bakinsu. Wani Baturen Ingila mai suna Alan Channer ne ya ba da umarninsa, ɗan jaridar nan Rageh Omaar kuma shi ne mai ba da labari da Ingilishi. Tsawonsa bai wuce kimanin minti 40 ba. An yi bikin nuna shi a hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a Amurka cikin shekarar da ya fito.

Taurarinsa biyu ne, Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Movel Wuye. Ashafa ɗan gidan malamai ne, ya yi shugabanci a ƙungiyoyin matasan Musulmi. Wuye ɗan soja ne, ya yi shugabanci a reshen matasa na ƙungiyar Kiristocin Nijeriya. A shekarar 1992, lokacin da rikicin Zangon Katab ya bazu ya iso cikin garin Kaduna, kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa. A wannan faɗa Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu.

A 1995 wani ɗan jarida da ya san su duka ya haɗa su a wurin wani taro a Kaduna. Daga wannan haɗuwa ce aka sami dandalin tattaunawa na Musulmi da Kirista, wanda daga baya ya zama cibiyar sulhu tsakanin addinai da suke shugabanta tare. Sun rubuta littafi a kan tafiyarsu a 1999. Suna cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, wadda shugabannin addini 22, sha ɗaya daga kowane ɓangare, suka sa wa hannu a watan Agusta 2002, zamanin Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi. Sun kuma shiga tsakani a Yalwan Shendam bayan kashe-kashen 2004. A 2010 aka yi fim na biyu mai suna An African Answer, a kan aikin da suka yi a Kenya tsakanin Kikuyu da Kalenjin bayan rikicin zaɓen 2007. Sun karɓi lambar yabo ta Gidauniyar Chirac a Faransa a 2009, da ta ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 2025. Mun kawo wannan jeri ne don a san cewa ba aikin mutanen biyu muke sa wa ido ba. Abin da ke gabanmu shi ne yadda fim ya ba da labarinsu, da abin da mai kallo zai tashi da shi.

3.0 JIGO DA WARWARARSA

Babban jigon fim ɗin shi ne juyawar zuciya daga ƙiyayya zuwa yafiya. An warware shi ta hanyar bin sawun kowane tauraro daban, har zuwa inda hanyoyinsu suka haɗu. Ashafa ya ce abin da ya karya masa zuciya huɗubar Juma'a ce, inda liman ya tuna wa jama'a yadda mutanen Ɗa'ifa suka jefi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ya yi jina-jina, amma ya ƙi yarda a hallaka su. Wuye kuma wani babban fasto ne ya ja shi gefe ya nuna masa cewa ba zai yiwu ya yi wa mutane bishara yana ƙinsu ba.

A nan ne ƙarfin fim ɗin yake, kuma ya kamata mu tsaya a kansa. Ba wani mai shiga tsakani daga waje ne ya zo ya ce da su kowa ya rage riƙo da addininsa don a zauna lafiya ba. Kowannensu a cikin ɗakin ibadarsa, daga bakin malaminsa, ya ji abin da ya juya shi. Bayan sun juya ɗin kuma, ba wanda ya ɓoye cewa addininsa yake gani shi ne gaskiya. Wannan ya rushe babban tsoron da ke hana masu riƙo da addini a ƙasarmu halartar irin waɗannan tarurruka, watau zaton cewa haɗin kan addinai yana nufin gauraya su a tukunya ɗaya. Idan aka gwada da manyan takardun da duniya ta sani a wannan fage, kamar wasiƙar da malaman Musulunci 138 suka aika wa shugabannin Kirista a 2007, ko ƙudurin tausayi da marubuciyar nan ta Ingila Karen Armstrong ta jagoranci ƙaddamarwa a 2009, ko takardar 'yan uwantaka da Fafaroma Francis da Shaihin Azhar Ahmad al-Tayyib suka sa wa hannu a Abu Dabi a 2019, za a ga cewa su daga sama suke sauko da magana, suna neman inda addinai suka yi tarayya. Fim ɗin kuwa daga ƙasa ya taso, daga mutum biyu da suka taɓa neman ran juna.

Wani abin yabo kuma shi ne, labarin bai nuna yafiya kamar abin da ke aukuwa dare ɗaya ba. Wuye ya sha faɗa cewa shekara uku yana yawon aiki tare da Ashafa, suna kwana ɗaki ɗaya, alhali zuciyarsa tana raya masa ya danne shi da matashin kai. Abin da ya fara sassauta shi ba gardamar ilimi ba ce, ziyara ce: Ashafa ya je asibiti duba mahaifiyarsa. Duk Bahaushe ya san nauyin dubiya da ta'aziyya. Su biyun sun kuma kwatanta zamansu da na miji da mata waɗanda ke saɓawa amma ba su da halin rabuwa, saboda 'ya'ya za su wahala. Wannan kwatanci ya fi kusa da gaskiyar zaman tare fiye da duk wani kirari na ƙauna, domin ya yarda cewa saɓani ba zai ƙare ba.

4.0 ZUBI DA SALO

Zubin fim ɗin zubin labarin tuba ne, wanda mabiya addinan biyu suka saba da shi a wa'azi da ba da shaida. Ana farawa da duhu, a zo kan abin da ya girgiza mutum, sa'an nan a nuna sabuwar rayuwarsa. Zubi ne mai kama zuciya, kuma ya dace da minti arba'in. Sai dai kowane zubi yana da abin da yake iya ɗauka da abin da ba ya iyawa. Labarin tuba zuciyar mutum ɗaya yake bi. Ba shi da wurin ajiye kasuwa ko gona ko sarauta, sai dai a gifta su a bayan tauraro kamar yadda ake gifta itatuwa a hoton tafiya.

Babban salon da aka yi amfani da shi shi ne daidaito. In an nuna masallaci za a nuna coci, in liman ya yi magana fasto zai yi, rashin wannan an auna shi da rashin wancan. Ko shakka babu wannan adalci ne ga taurarin biyu, kuma shi ya sa Musulmi da Kirista ke iya zama ɗaki ɗaya su kalla ba wanda ya ji an ci zarafinsa. Akwai ma inda salon ya yi aikin gwaninta. Raunin Wuye a fili yake, hannun roba ne wanda ido ke gani ko da bai ce komai ba. Raunin Ashafa kuwa ba ya ganuwa, sai ya buɗe baki ya ba da labarin malaminsa. Haɗa waɗannan biyu yana koya wa mai kallo cewa mai tabo a jiki da mai tabo a zuci duk majinyata ne.

To, amma daidaiton nan yana da tsada. Da zarar an raba allo gida biyu, an sa wa ɗaya suna Musulmi ɗaya Kirista, to an riga an yanke hukunci a kan ko wane irin faɗa ne ake yi. Sunaye irin su Atyap da Hausa da Fulani da Gamai da Jarawa da Tarok sai su dushe, alhali kuwa da waɗannan sunaye ne mutane ke neman fili da kujerar ƙaramar hukuma da takardar shaidar zama ɗan asalin wuri. Bugu da ƙari, muryar da ke ɗinke labarin ta baƙo ce, da Ingilishi, kuma ta fi fuskantar mai kallo na nesa. Shi mai kallo na nesa, musamman a shekarun da suka biyo bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, labarin da yake ƙishirwa shi ne na Musulunci da Kiristanci, ko za su iya zama tare ko ba za su iya ba. Fim ɗin ya ba shi amsa mai daɗi. Mutumin Zonkwa ko na Rigasa kuwa yana da wasu tambayoyi da suka wuce wannan.

Wannan ya tuna mana da majigin da aka riƙa nunawa a ƙofar fada zamanin Turawa da farkon mulkin kai, inda akan kawo mutum biyu, mai bin shawarar ma'aikatan gona ko na tsabta da mai ƙin bi, a nuna ƙarshen kowanne. Darasin majigi kullum a kan halin mutum yake tsayawa, ba ya taɓa tambayar wa ya sa farashin auduga. Liman da Fasto ya fi majigi zurfi nesa ba kusa ba, amma ya gaji wani abu na wannan ɗabi'a.

5.0 ABIN DA HOTO BAI HASKA BA

Hausawa kan ce ruwa ba ya tsami banza. Bari mu ɗauki wurare uku da labarin ya ratsa, mu ga abin da ke ƙarƙashinsu.

5.1 Zangon Katab

Rikicin da ya ci hannun Wuye da malamin Ashafa bai fara a masallaci ko coci ba. A watan Fabrairu 1992 ya tashi, a kan shawarar ƙaramar hukuma ta ɗauke kasuwa daga cikin garin Zango, inda Hausawa ke da rinjaye, zuwa wani sabon wuri. A watan Mayu ya sake tashi da muni fiye da na farko, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya. A ƙarƙashin maganar kasuwa akwai tsohuwar jayayya a kan filayen noma, da kukan Atyap, waɗanda Hausawa ke kira Katab, cewa tun zamanin Turawa ana mulkinsu ta hannun hakimin da masarautar Zazzau ke naɗawa. Su kuma Hausawan Zango suna cewa kakanninsu sun daɗe a wurin, ba su da wani gari da ya wuce shi. An kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Rahila Cudjoe, sa'an nan kotu ta musamman a ƙarƙashin Mai Shari'a Benedict Okadigbo, wadda ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya da wasu hukuncin kisa a 1993, daga baya gwamnatin Babangida ta mayar da shi ɗauri. Wani ɓangare ya ga an yi shari'ar son kai, ɗaya ɓangaren ya ga an zubar da jininsa a banza. Babu ɗaya da ya tashi da jin an yi masa adalci. Mai kallon fim zai fahimci yadda Ashafa da Wuye suka yafe wa juna, amma ba zai sami isasshen bayani a kan abin da ya tura su fagen fama ba.

5.2 Yalwan Shendam

A watan Fabrairu 2004 an kashe Kiristoci fiye da 70 a Yalwa, da yawansu a harabar coci. A farkon watan Mayu aka kai wa Musulmin garin hari, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta waɗanda aka kashe da kimanin 660. Bayan 'yan kwanaki aka yi ramuwar gayya a Kano, inda fiye da mutum 200 suka hallaka. Ran 18 ga Mayu Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Filato, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye. Sashen fim da ya shafi Yalwa shi ne mafi taɓa zuciya, domin an ga mutanen da suka binne 'yan uwansu suna neman gafarar juna, har aka kai ga yarjejeniyar 2005. Lalle wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Amma tushen jayayyar Yalwa shi ne wa ke da garin, wa ke ɗan ƙasa wa ke baƙo, musamman tsakanin Gamai da Jarawa, da kuma wa zai riƙe sarauta da kujerun siyasa. Taron sulhu yana iya kwantar da zukata, ba shi da ikon warware wannan, domin a hannun hukuma da tsarin mulki yake.

5.3 Garin Kaduna

Rikicin shari'a na shekarar 2000 ya ci rayuka aƙalla 2,000 a Kaduna. Yarjejeniyar Agusta 2002 ta zo ne don kada a sake. Wata uku bayan sa hannu, a watan Nuwamba, rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ɓarke, aka kashe fiye da mutum 200. Gaskiya ne bayan wannan garin ya sami shekaru na sauƙi, har ma lokacin rikicin zanen ɓatanci na 2006, wanda ya taɓa Maiduguri da Onica, Kaduna ba ta kama ba. Ba za a hana shugabannin addini rabonsu na yabo a nan ba. Amma akwai wasu dalilai biyu da ya kamata a sa a ma'auni. Na ɗaya, matakan hukuma: ƙirƙiro masarautu ga ƙabilun kudancin jihar, da tsarin kotuna na 2001 wanda ya tanadi kotun shari'a da kotun al'ada kowacce ga masu buƙatarta. Na biyu kuwa abin baƙin ciki ne, watau ƙaura. Musulmi sun tattara zuwa arewacin kogi, su Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci suka koma kudu, su Sabon Tasha da Narayi da Talbijin. Wani ɓangare na shirun da aka samu shirun rabuwa ne. Yaron da ya tashi a haka yana iya gama firamare bai taɓa cin tuwon salla ko shinkafar Kirsimeti a gidan maƙwabci ba. Da zaɓen 2011 ya zo, wutar ta sake tashi, aka kashe fiye da mutum 800 a jihohin arewa, mafi yawansu a Jihar Kaduna.

6.0 YAFIYA DA MAYAR DA HAƘƘI

Mai kare fim ɗin yana iya cewa muna neman abin da ba a yi alkawari ba, domin fim na minti arba'in ba littafin tarihi ba ne, kuma limami da fasto ba su ne ke raba filaye ba. Wannan magana tana da ƙarfi, mun kuma yarda da rabinta. Inda muka rabu shi ne, abin da muke cewa an sassauta wa ba baƙon abu ne ga addini ba, yana cikin zuciyar koyarwar da taurarin biyu suka dogara a kanta.

A Musulunci malamai sun bambanta haƙƙin Allah da haƙƙin bawa, kuma suna sa mayar da abin da aka ƙwace a cikin sharuɗɗan tuba idan laifin ya shafi wani mutum. Yafe jini haƙƙin magada ne, ba mai yafewa a madadinsu, kuma shari'a ta tanadi diyya. A Kiristanci akwai labarin Zakka mai karɓar haraji, wanda tubansa ya zo tare da alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Akwai kuma koyarwar cewa mai kawo baiko, in ya tuna ɗan uwansa yana da ƙara a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Haka nan a sulhun gargajiya, a zauren mai unguwa ko gaban dagaci, ba a fara cewa a yafe sai an ji bakin kowa, an gane mai laifi, an biya ɓarnar gona ko an mayar da akuya. Yafiya a ƙarshen zama take zuwa.

Ashafa da Wuye suna da ikon yafe abin da aka yi musu, sun kuwa yafe, wannan darajarsu ce. Matsalar tana tasowa ne idan aka ɗauki labarinsu aka miƙa wa gwauruwar da ba a taɓa gurfanar da wanda ya kashe mijinta ba, ko manomin da wani ke noma gonarsa, aka ce ga abin koyi. A irin wannan hali, kiran yafiya yana iya zama nauyi na biyu a kan wanda aka zalunta, ya kuma zama hutu ga hukumar da ta kasa hukunta kowa. Mun sha nuna wa ɗalibanmu wannan fim, kuma akan tashi ana share hawaye. Amma akwai ranar da wani ɗalibi, wanda danginsa suka bar ƙauyensu a lokacin rikici, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, na ji sun yafe. To, gidanmu fa?" Ba mu sami amsarsa a cikin fim ɗin ba.

Akwai wani labari daga Filato da ke nuna yadda tausayi da adalci ke riƙe da juna. Ran 23 ga Yuni 2018, lokacin da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi, limamin Nghar, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutum 262, galibinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo a 2019. Daga cikin dalilan da ya bayar akwai cewa shekaru da yawa da suka wuce, Kiristocin wurin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin. Ashe filin da ke zama sanadin zubar da jini a wani wuri, a nan shi ya zama sanadin tsira, saboda an yi mu'amalar kirki a kansa tun farko.

7.0 AMFANI DA FIM ƊIN A AJI

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba muna cewa a daina nuna Liman da Fasto ba ne. Mu da ke horar da malamai muna da dalili na musamman na kula da wannan batu, domin rikicin Kafancan na watan Maris 1987, wanda ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, a harabar kwalejin horar da malamai ya fara. Shawarwarinmu uku ne.

Na farko, kada a nuna fim ɗin shi kaɗai. A gabatar da shi da darasi a kan tarihin Zangon Katab ko Yalwa, yadda ɗalibi zai san abin da aka yi faɗa a kansa kafin ya ga yadda aka shirya. Na biyu, bayan kallo a bar wa ɗalibai fili su faɗi wanda ba su gani a allo ba, ko mata ne waɗanda su ke ɗaukar ɗawainiyar marayu, ko alƙali, ko shugaban ƙaramar hukuma, ko wanda ya ƙi yafewa, a kuma saurari dalilinsa ba tare da an kunyata shi ba. Na uku, a karantar da yafiya da mayar da haƙƙi a darasi ɗaya, daga littattafan addinan biyu, don kada ɗalibi ya zaci neman adalci rashin imani ne.

8.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa Liman da Fasto aiki ne mai daraja, wanda ya tabbatar da cewa mutum yana iya riƙe addininsa da ƙarfi ya kuma riƙe hannun wanda ba su yi tarayya a aƙida ba. Mun kuma nuna cewa zubin labarin tuba da salon daidaito sun taƙaita abin da yake iya gani, har rikicin kasuwa da gona da sarauta ya fito da kamar rikicin zukata kawai. Aikin da ya rage bai rataya a wuyan masu fim su kaɗai ba. Ya rataya a wuyan marubutanmu da masu shirya finafinanmu na Hausa, waɗanda suka san sunayen unguwanni da tarihin filaye, su ba da labarin abin da ke biyo bayan musafaha: wa ya koma gidansa, wa aka biya, wa aka gurfanar. Ya kuma rataya a wuyan tarurruka irin wannan, su riƙa gayyato masu riƙe da takardun filaye da kundin shari'a su zauna tare da limamai da fastoci. Muna fata mahalarta za su gyara mana inda muka yi kuskure, musamman waɗanda suka fito daga wuraren da muka ambata, domin sun fi mu sanin inda ke yi musu ciwo.